Lauyan da Ba Ni da Shi

Litinin, 6 ga Maris

Sabuwar likitar ta ba ni Talata ta sama. Amma sai na kawo takardun tsohon asibitina, duk abin da suka rubuta lokacin ɓarin nan biyu. In babu su, sai watan Mayu. Wannan cikin ba zai jira Mayu ba, jikina ya gaya mini.

Mijina Anselmo ya ce, "To, sai a karɓo." Ya ci gaba da cin wakensa. Da a littafi ne, da miji ya riƙe hannuna ya yi rantsuwa.

Talata, 7 ga Maris

Na je tsohon asibitin ni kaɗai, da jar rigata. Matar da ke kan tebur, Darlene, ko kallona ba ta yi ba. "Wa za a kai wa?" Sai na tuna yadda matan littattafan soyayyar da nake karantawa ke firgita mutane da kalma ɗaya. Na ɗaga haɓa na ce, "Lauyana."

Ai kuwa ta ɗago! Daɗi ya kama ni, har sai da ta faɗi kuɗin. Dala ɗari uku da wani abu, har da ladan nemowa. Cefanenmu na wata ke nan.

Ni da ko kyanwa ba ni da ita, balle lauya.

Laraba, 8 ga Maris

Na gaya wa Anselmo kuɗin kawai. Tortilla, gurasarmu ta masara, ta ƙone.

Alhamis, 9 ga Maris

Ashe yau bai ci abincin rana ba. Ya zauna bayan shagon tayar da yake aiki yana jiran masu ba da shawarar shari'a kyauta su ɗauki waya. Sun ce masa idan majiyyaci ne ke neman takardunsa da kansa, doka ta hana a caje shi fiye da kuɗin kwafi da na aikawa. Babu ladan nemowa. Lauyoyi ne ke da nasu farashin.

Da ya dawo gida ya ce, "Gimbiya, wa kika ce musu za a kai wa?"

Na faɗa, idona a ƙasa. Sai na ga gashin bakinsa yana rawa.

"Lauyan nan naki, ya fi ni kyau?"

Mahaifiyarsa, Doña Chayo, dariya har da riƙe ciki. "'Yar nan, littattafan nan naki sai sun sayar mana da gida!" Shi kuwa ya zuba mini shayi.

Juma'a, 10 ga Maris

Tare muka je. A bakin ƙofa ya cire hularsa ya ce, "Ke za ki yi magana. Jikinki ne, takardunki ne." Ya tsaya a bayana, yana ƙamshin sabulu da roba.

Na ce ni nake son takardun, don kaina.

Darlene ta ce, "Lauyan fa?"

"Mun sallame shi," in ji Anselmo. "Ba ya zuwa aiki."

Ta yi dariya, ta yage tsohuwar takardar. Kuɗin ya dawo bai kai na cika tankin mota ba. Amma ta ce doka ta ba su wata guda kafin su bayar. Na jira ya buga tebur.

Bai buga ba. A hankali ya ce, "Mun sani, baiwar Allah. Doka ta gama nata. Yanzu ke muke roƙo. Sau biyu muna sayen gadon jariri muna mayarwa."

Ban taɓa jin ya faɗi wannan ba. Ban ma san shi ya mayar da su ba, na ɗauka mahaifiyarsa ce.

Darlene ta kalli cikina, ta daɗe. "Ku dawo Litinin."

Talata, 14 ga Maris

Likita ta karanta komai, ta ga wani gwajin jini da ba a bi sawunsa ba, ta sa mini allura kullum. Mun ji bugun zuciya. Da sauri, kamar ɗan tsuntsu.

Da yamma na buɗe littafina. Jarumin yana tsaye cikin ruwan sama yana ta ihu. Surutunsa ya yi yawa, ko dai gajiya ce. Na rufe.

Anselmo yana kicin yana koyon yin allurar a jikin lemo. Bari in je in riƙe masa.