Lissafin Mairamu

Arlit, Janairu 2008

Yaya Zulai,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya. Waya ta ƙi shiga, shi ya sa na ba direba wannan. Hanyar Agadas sai da rakiyar soja, jiya ma nakiya ta tashi da wata mota. Gara da na kawo miki Mairamu. Asabe tana ta kukan ɗiyarta, ni kuwa a garejin kamfani ina ɗaure kusoshi ina kwancewa ba dalili. Yaya lakwal, wato makaranta? Yarinyar nan ta iya lissafi, a kanta take yi.

Ƙanenki, Lawan

Katsina, Fabrairu 2008

Lawan,

Muna lafiya, sai kewa. Ka ce ta iya lissafi, to malaminsu ya ce satar amsa take yi. An ba su 52 a ɗebe 37, ta rubuta 15 ba ta soke komai ba. A nan aro ake yi: a soke biyar ta koma huɗu, a ba biyu goma. Ita kuwa sai ta ce bakwai daga sha biyu, ta riƙe ɗaya, ta ɗora shi kan ukun ƙasa. Wa ya koya muku ɗebewa da ƙari, don Allah? Malamin ya ja mata jan biro, yara suka yi ta dariya. Yanzu ta ɗaure kayanta a ɗankwali, wai gida za ta, ko a ƙasa. Ina tsoron in juya baya ta bi tasha.

Yayarki ce, Zulai

Arlit, Maris 2008

Yaya,

Gaisuwa da ban girma. Takardarki ta hana ni zama. Haka mushe, malaminsu na nan, ya koya mata, haka aka koya mini a Maraɗi, kuma amsa ɗaya ce. Raina ya ɓaci, amma hanya ta fi ƙarfina. Ki ce mata ni na ce ta bar namu, ta soke duk abin da aka ce ta soke. Ta yi aron. Kada ta ƙara riƙe ɗaya ko a zuci. Ta zauna, Yaya, ta zauna kawai.

Lawan

Katsina, Disamba 2009

Lawan,

Barka da samun zaman lafiya. Na ga saƙonka cewa hanya ta buɗe, in ba Hamadi direba ita. Na karanta mata, na zaci za ta yi tsalle. Sai ta ɗauko allo ta gwada irin lissafinku, ta kasa, ta sake, ta kasa. Ta ce, “Gwaggo, in na koma mushe zai ce ban iya ba, a sake yi mini dariya. Ki roƙi Baba ya bar ni.” Ita ce ta biyu a ajinsu. Maganarka ta bi, Lawan. Hamadi zai juya ranar Laraba.

Zulai

Arlit, Disamba 2009

Yaya,

Ki bar Hamadi ya taho shi kaɗai. Ban faɗa wa Asabe ba tukuna, tana can tana wanke katifar yarinya. Ki ce wa Mairamu ta rubuto mini yadda ake aron nan, da manyan baƙi, in koya kafin Salla.

Ƙanenki, Lawan