Ya Canja Tayoyin Motar, Ya Ce Ƙafata Ce Ta Gaza

Ya mai wannan fili,

Don Allah ka taimake ni da shawara, kuma ka gaggauta, domin ƙarshen watan nan abin zai faru ko na yi magana ko na yi shiru. Ka yi haƙuri da rubutuna, ciwo ya bar hannuna yana rawa, wannan ne karo na uku da nake sake wasiƙar.

Ni tsoho ne mai shekara saba'in da tara. Na yi makarantar koyon sana'a tun zamanin da ake sa mu zana haƙoran giya da fensir kafin a bar mu mu taɓa sifana. Daga nan na yi shekara arba'in da ɗoriya ina jan kaya da akori-kura: janareto, tankin ruwa, ƙaramar tarakta, motar da ta mutu a hanya, duk abin da tirela za ta ɗauka. Matata ta rasu shekara shida ke nan. 'Yata tana aure a nesa. Ɗa namiji ɗaya gare ni, ya haura arba'in, yana da nasa iyalin. Ni kaɗai nake a ɗaki ɗaya da falo, daga ni sai rediyo sai sandata.

Motar da nake magana a kanta ita ce ta ƙarshe da na saya. Da na same ta giyar aksil ɗinta, wato ƙarfen da ke juya tayoyi, ta gudu ce, ba ta jan kaya ba. Da hannuna na buɗe aksil na gaba da na baya, na sa musu wadda ta dace: babban faranti mai haƙori arba'in da ɗaya, ƙarami mai haƙori goma, abin da muke kira 4.10. Na haɗa ta da taya mai tsayin inci talatin da ɗaya, mai ninki goma, wato kaurin da ke ɗaukar nauyi. Da wannan haɗi takan tashi a tsakiyar hawa da tan uku a bayanta, ba ka jin ƙaurin kuloci ko kaɗan. Ba yabon kai ba ne, masu kaya sun shaida.

Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama ni bara, na miƙa wa ɗana makulli. Ban ce ya ba ni komai ba. Sharaɗi ɗaya na kafa: kada ya canja girman taya sai ya zo mun zauna mun yi lissafin giya tare, domin taya da giya kamar ƙafa da takalmi ne. Ya yi alkawari a gaban abokina mai faci, wanda muka fi shekara talatin tare, wanda ya saba zuwa mu sha shayi duk mako.

Wata bakwai ban sa motar a idona ba. In zai kai ni asibiti, a ƙaramar motar matarsa yake zuwa, ya ce ta fi mini daɗin zama. Na ɗauka tausayi ne. Makon jiya ƙaramar ta ƙi tashi, dole ya zo da akori-kurar. Na fito da sandata ina murna kamar mai tarar baƙo. Na ɗaga ƙafa zan taka matakalar da na taka sau dubu nawa, sai ƙafar ta kasa kaiwa. Na sake gwadawa, na kusa faɗuwa. Na ce masa motar nan ta ƙara tsawo. Ya dubi idona ya ce tana nan yadda na bar ta, ƙafata ce ta ƙara rauni. Ya ɗauke ni cak kamar buhu ya ajiye a kujera, maƙwabta suna kallo.

Wallahi na yarda da shi. Har muka fita daga layinmu ina tunanin ashe na kusa komawa kwance. Amma kunnena bai shanye ba. A hawan da ke gaban gidan mai, inda take wucewa da giya ta uku tana waƙa, sai na ji ya koma ta biyu, kuma ba komai a bayanmu. A mahaɗar hanya ya taka birki, ta yi ta tafiya kafin ta tsaya. Da muka isa asibiti na sa tabarau na durƙusa, duk da ciwon gwiwa, na karanta jikin tayar. Inci talatin da biyar ce, mai faɗi da manyan ƙusoshi, ninki shida. An kuma ɗaga jikin motar don ta samu wuri. Aksil kuwa ba a taɓa ba, ƙurar da ke kan notocinsa ta nuna. An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Nawa ko rimin bai hau ba, inci kaɗan ya hau ya daina ganina.

Ya dawo da ni gida, har yau maganar tayar ba ta haɗa mu ba. Da mai faci ya zo na tambaye shi wa ya sa tayoyin. Ya daɗe yana juya cokali a kofi kafin ya ce shi ne, wai ɗana ya roƙe shi kada ya faɗa mini don kada jinina ya hau. Wata bakwai mutumin nan yana zama a kujerata, ina ba shi labarin motar, yana gyaɗa kai. Na ce ya tashi ya tafi, kuma bai sake dawowa ba.

Ga inda nake neman shawara. Akwai wani mai haƙar rijiyoyi, tsohon mai ba ni aiki. Ya kira ni a waya mu gaisa, ya ce ƙarshen wata ɗana zai ja masa injin iska na aikin haƙa mai nauyin tan uku da rabi zuwa wani wuri a bayan duwatsu, ya ce tunda motata ce hankalinsa a kwance yake. Na san hanyar. Akwai gangara mai tsawon kilomita biyu, a ƙasanta kuma akwai wurin da mutane ke jiran mota. Na amsa masa da to, na kashe waya.

In na faɗa wa mai rijiyoyin gaskiya na karya sana'ar ɗana, kuma na san halin ɗan nawa, zai ɗauke ƙafa. Shi kaɗai ya rage mai buga ƙofata. In na yi shiru wani abu ya faru, da wane ido zan dubi Ubangijina? Takardun motar da sunana suke, ina iya karɓe makulli, amma in ajiye ta in yi me da ita, ni da ba na iya hawanta? Ba tayar ce ta fi ci mini rai ba. Ya sa na zargi ƙafata, ya bar ni ina zarginta.

Naka,
Tsohon Direba Mai Sanda

Amsa

Baba, Allah ya ƙara maka lafiya. Rubutunka ya karantu sarai, lissafinka kuma na kai wa wani makanikin manyan motoci da na amince da shi, ya ce bai ga kuskure ba. Taya mai inci talatin da biyar a kan 4.10 tana mayar da ƙarfin jan motar kamar 3.63 ce a kan tsohuwar tayarka. Kuloci zai wahala wajen tashi, injin ba zai riƙe ta sosai a gangara ba, birki zai yi aikin da ya fi da, allon gudu kuma zai riƙa nuna ƙasa da gaskiya. Ga ninkin tayar ya ragu. Saboda haka tsoronka ba rikicin tsufa ba ne.

An ci amanarka, ba zan shafa wa wannan mai ba. Ƙaryar da aka yi maka a bakin ƙofa ta fi canjin taya muni, kuma kana da haƙƙin a ba ka haƙuri. Amma bari in tsaya wa ɗanka kaɗan, tunda ba ya nan. A duk wasiƙarka ba ka faɗi dalilin da ya sa ya canja tayar ba, domin ba ka tambaye shi ba. Mai bin masu haƙar rijiya, cikin laka da ramuka yake yini, wataƙila cikin motar ya sha bugun ƙasa har ya gaji. Doguwar taya ba laifi ba ce, rabin aiki ce. Ya yi rabi ya bar rabi. Ka kuma tambayi kanka, da ya zo da maganar tun farko, za ka saurare shi har ƙarshe? Wani lokaci ɗa yana ɓoye abu ne don ya san amsar da zai samu tun kafin ya buɗe baki.

Kada ka fara da kiran mai rijiyoyi, kada kuma ka karɓe makulli. Kira ɗanka yau ɗin nan, ku biyu kawai. Ka fara da aikin ƙarshen wata, ka bar maganar alkawari tukuna. Ka ba shi takarda da fensir ya yi lissafin da hannunsa, sannan ka ajiye masa hanya biyu. Ta farko, ya mayar da inci talatin da ɗaya mai ninki goma kafin ranar, wannan aikin wuni ɗaya ne. Ta biyu, in yana buƙatar doguwar taya, a sa giyar 4.56 a aksil na gaba da na baya duka, a nemo taya mai lambar ɗaukar nauyi da ta kai kayan, a duba birkin motar da na tirela, a kuma tabbatar tan uku da rabi bai wuce abin da aka ƙayyade wa motar ba. Ka ce kana so a yi aikin a gabanka. Hannunka na rawa, amma wa ya fi ka sanin yadda haƙori ke zama a kan haƙori?

Ka faɗa masa a fili, ba da faɗa ba, cewa in ya ƙi duka biyun za ka sanar da mai kayan kwana uku kafin tafiya. In ta kai ga haka, ka cika. Fushin ɗa yana hucewa, rai kuwa ba ya dawowa, kuma shi ne zai zauna a bayan sitiyarin a wannan gangara.

Bayan an gama da ƙarfe, sai ka faɗa masa jimlar ƙarshe ta wasiƙarka, kamar yadda ka rubuta mini ita. Ina zaton bai san zurfin abin da ya yi ba.

Mai faci kuma ka aika masa ya zo. Ya yi kuskure, amma tsoron lafiyarka ya sa shi, kuma da ka tambaye shi bai ƙara maka ƙarya ba. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Bai kamata mutum ɗaya tak ya zama mai buga ƙofarka ba, domin shi ya sa gaskiya ta yi maka nauyin faɗa.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya kai kayan lafiya, ya dawo da direban gida lafiya, kai kuma ya ƙara wa ƙafarka ƙarfi.