Duwatsun Murhun Inna

Gwandu, Litinin

Zuwa ga ɗiyata Huseina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Inna. Albishirinki! Wata jami'a a ƙasar waje ta buɗe gurbin digiri na uku kan dutsen kabonatayit, wanda duniya ke rububinsa saboda ma'adinan da ake sawa a waya da injinan lantarki. Ban jira izininki ba, na ba farfesan da ke kula da gurbin labarin duwatsu ukun da kika ɗebo ƙetaren iyaka lokacin digirinki na biyu. Na gaya masa yadda kika ɗiga musu asid a ɗakin gwajinmu suka yi kumfa, kika yi tsalle kamar 'yar aji ɗaya. Ya ce a aika masa gutsurensu kafin ƙarshen wata. In sun zama abin da kike zato, gurbin naki ne. Ki ba Sule direba ya kawo mini.

Malaminki,
Kabiru

Kalgo, Alhamis

Malam,

Ina gaisuwa tare da girmamawa. Na rasa ta inda zan fara. Da damina ambaliya ta rushe madafinmu, ni kuma ina Diggi wurin gwaggona. Inna ta koma girki a rumfa, ta nemi duwatsun murhu ta rasa, sai ta ga buhu a ƙarƙashin gadona. Uku ne cif, kansu ɗaya.

Da na dawo na tambaye ta, sai ta ce, "Ke Husai, mutum ya aje dutse cikin ɗaki kamar goro? Ai gara su yi amfani."

Tun daga ranar, wuta ke cinsu safe da yamma. Malam kuma ya san hanyar tsaunin da na ɗebo su ba ta biyuwa yanzu saboda rashin tsaro, ko masu shanu sun daina bi.

Ɗalibarka,
Huseina

Gwandu, Asabar

Ɗiyata,

Gaisuwa da ban haƙuri. Kada ki yanke ƙauna! Wutar kara ba ta kai wa dutse har zuciya ba. Ki fasa mafi girman, ki ciro tsakiyarsa, ko kamar ƙwayar dabino ce ta isa. Shekara da shekaru ina koyarwa, ban taɓa samun mai ido irin naki ba. Kada ki yi wa Inna faɗa, amma don Allah ki hanzarta.

Malaminki,
Kabiru

Kalgo, Talata

Malam,

Ina gaisuwa. Na fasa. Ashe kullum in Inna ta sauke tukunya, ruwa take watsa wa murhun da zafinsa don kada awaki su ƙone. Dutsen ya tsattsage har ciki, ruwan toka da gishirin miya sun ratsa shi. Guduma ɗaya ya watse kamar dunƙulen fura. Na biyun ma haka. Ko na aika, abin da injinsu zai auna miyar Inna ce.

Sai da na kwaso tubali biyu na mayar mata. Ta ce, "Oh ni, wannan boko! Jiya kina kukan dutse, yau kina fasa shi."

Ɗalibarka,
Huseina

Gwandu, Laraba

Ɗiyata,

Saura na ukun fa? Farfesa ya ce akwai wani ɗalibi da ke jiran gurbin. Ki gwada, ni zan kai shi Birnin Kebbi da kaina in aika masa.

Kabiru

Kalgo, Juma'a

Malam,

Na duba shi, tsagar ta kai gindi. Ka ce wa farfesa ya ba wancan ɗalibin gurbin. Na ukun na bar wa Inna, ta ce ya fi kowane riƙe zafi. A kansa na tuƙa tuwon yau.

Allah Ya saka wa Malam da alheri.

Huseina