Kuɗin Albasata Na Hannunku, Garkar Gidanmu Kuma Za Ku Karɓe

Zuwa ga mai girma shugaban reshen bankin da nake ajiya a Birnin Konni.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Sunana Hamidu, manomin albasa ne ni a Tsarnawa. Sau biyar ina zuwa buronka ana ce mini kana taro, har mai gadi ya daina tambayata abin da ya kawo ni. Shi ya sa na rubuto ta inda kowa zai ji, don na rasa yadda zan yi.

Na ɗaya. Na ci bashin jikka ɗari shida na sefa a wurinku, na sayi injin ban ruwa da iri da taki. Ban musa ba. Jinginar da na bayar ita ce takardar garkar mahaifinmu. Tun rasuwarsa ba mu raba gado ba. Ni ne babba, takardar na hannuna, amma ƙannena uku da ke cin rani suna da haƙƙi a ciki. Ban shawarce su ba, don na tabbata albasa za ta biya kafin su dawo. Wannan laifina ne.

Na biyu. Albasa ta yi kyau. Na ajiye ta a rudu, rumbun da muke adana albasa, har ta yi tsada, sannan na ɗora wa wani ɗan kasuwa, Alhaji Sama'ila, buhu sittin zuwa Abijan, bashi a kan jikka ɗari tara. Haka muke yi shekara da shekaru: ya kai, ya sayar, ya aiko. Yana can aka sa wa ƙasarmu takunkumi. Duk da haka bawan Allah ya shiga banki ya aiko kuɗina. Da aka tambaye shi dalilin aikowar, sai ya sa aka rubuta gaskiya, cewa biyan bashi ne, don yana son ya zama shaida ko bayan ransa. Na ji wasu sun rubuta taimakon iyali, nasu ya wuce. Nawa aka tsare, wai doka ta hana hulɗar bashi da ƙasar da ke cikin takunkumi.

Yau wata huɗu ke nan. Kuɗin sun bar hannunsa, ba su shigo nawa ba. Ma'aikacinka ya juyo mini na'ura, na ga sunana da adadin da idona, ya ce ba shi da ikon taɓa ko dala.

Na uku, abin da ya hana ni cin tuwo. Dokar da ta hana a biya ni ba ta hana ku bina ba. Ruwa na hawa kan bashin kowane wata. Makon jiya kuka aiko takarda cewa ranar Laraba mai zuwa za a zo a auna garkar. Ranka ya daɗe, ba ni na sa takunkumi ba, ban ma san fuskar waɗanda suka sa ba. Yaya mutum zai riƙe mini ɗari tara, ya kuma karɓe gonar gidanmu a kan ɗari shida?

Ba sadaka nake roƙo ba. Ku cire naku daga cikin kuɗin da kuka tsare. In doka ta hana wannan ma, ku tsayar da ruwan, ku dakatar da awon har a sake su. In kuwa ba ka da iko, ka faɗa mini wanda ke da shi, ko a Yamai yake zan je, ko da zan sayar da injin in yi kuɗin mota.

Wallahi tsoro nake ji. Jiya ƙaramin ƙanena ya kira ni, ya ce ya gaji da baƙunta, bana zai dawo gida ya kama noma a nasa kason. Na ce Allah ya kawo shi lafiya, ban faɗa masa maganar jinginar ba. Ta wannan wasiƙa zai san abin da na yi.

Allah ya ba ka ikon adalci, ya tsare ka da ranar da za ka ji kunyar ɗan'uwanka.

Wassalam.

Hamidu, manomin albasa, Tsarnawa.