Mai Riƙe Ƙafar Tsani

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Mutan gida duk suna gaishe ka.

Na rubuto ne don ba yadda za a yi mu yi magana. A waya ba ka ji, a ɗakin karatu kuma an hana ɗaga murya, kai kuwa sai an ɗaga. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san ni da biro ba ma shiri.

Masu fentin ɗakin karatun sun kusa gamawa. Shugabar ɗakin karatun ta kira ni, ta ce da an buɗe mu ci gaba da goge tagogin saman nan duk Laraba kamar da. Amma ta ce mu canja kayan aiki, wai tsaninmu ko kallonsa ta yi sai gabanta ya faɗi. Na je shago suka ba ni takardar nan da na haɗo maka. Akwai sabon tsani, akwai dandamali mai taya, akwai kuma wata doguwar sanda da ake zugewa, mutum yana tsaye a ƙasa yana goge sama kamar mai kaɗo mangwaro. Bayanin ya fi ƙarfina. Kai ka yi makaranta, ka duba ka zaɓa mana. Abin da ka ce shi zan saya.

Ka huta lafiya.
Ƙanenka, Ƙadangare

*

Zuwa ga ƙanena Ƙadangare,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyali, ina sanar da kai cewa wasiƙarka ta iso ta hannun mai burodi. Takardar shagon na karanta ta na sake karantawa, tun da ba ni da wani aikin.

Dandamalin mu ajiye shi gefe. Ba zai shiga tsakanin kantocin littattafai ba, kuma tayarsa za ta kankare musu daɓe.

Sandar kuwa ban yarda da ita ba. Wanda ya zana ta a takarda bai taɓa goge taga daga cikin gini ba. A waje in ruwa ya zuba ƙasa ce za ta sha. A ciki kan littafi zai sauka, ko ya bi sabon fenti ya bar musu layi. Sannan dattin tagar sama ba a tsakiyar gilashi yake ba, a lungu yake, inda saƙar gizo da matattun ƙudaje suke taruwa, sai yatsa ya shiga da tsumma. Daga ƙasa me za ka gani? Za ka goge ka ce ya fita, rana ta juyo da yamma ta tona maka asiri gaban masu karatu.

Tsani shi ne aikinmu. Ka sayi sabon, mai faɗin ƙafa, mai roba a ƙasa. Kai ka hau, ni in riƙe, kamar yadda muka saba tun gashin kanka yana baƙi. Ba ka taɓa faɗowa ina ƙasa ba.

Ka tambayar mini shugabar ko sun mayar da kujerata kusa da teburin jaridu. Tun da aka rufe wurin nan ban leƙa bakin titi ba, kuma ban da mai burodi ba wanda ya taɓa ƙofata. Larabar da ta wuce na manta, na tashi na yi wanka, na sa takalmin aiki, na zauna ina jiranka. Sai da hasken 'yar tagar nan ta saman ɗakina ya sauko kan gado na tuna ana fenti. Na cire takalmin. Ba wani abu ba ne, na faɗa maka ne don ka yi dariya.

Ka gaishe mini da matarka da Auta. Allah Ya bar zumunci.
Ni ne yayanka

*

Baba Babba,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina fatan jiki da sauƙi. Ni ce Auta.

Baba ya ba ni wasiƙarka in karanta masa, wai rubutunka ƙanana ne. Da na gama ya ce, “Shi ke nan, Yaya ya yanke.” Ƙarshen makon nan zai je ya sayo tsanin. Na kasa yin shiru, ka yafe mini in na shiga abin da ya fi ƙarfina.

Baba yana fama da jiri. Likita ya ce ya daina hawa sama, ya dawo gida yana cewa wai likitan ko kan kujera bai taɓa hawa ba, ina zai san hawa. Larabar ƙarshe kafin a rufe ɗakin karatun, tsanin ya zame yana can a tagar da ke saman ƙofar shiga. Ƙarfen tagar ya kama, ya yi reto da hannu ɗaya har ƙafarsa ta sake samun wurin takawa. Ni na wanke masa hannun, fatar tafin duk ta saluɓe. Na ce ina Baba Babba yake a lokacin? Ya ce kana nan, ka riƙe tsanin da hannu biyu, kanka a sunkuye. Ya ce da ya sauko har ka ce masa yau aiki ya yi kyau.

Na ce to a sayi sandar mana. Ya ce, “Ke Auta, sanda mutum ɗaya take so. In na saye ta, me zan ce wa Yaya ranar Laraba?” Shi ya sa ya tura maka takardar. Bakinsa ba zai iya faɗa ba, yana fatan kai ka faɗa.

Umma ta yi magana har ta gaji. Maganarka kaɗai yake ji. Na san abin da Larabar nan take a wurinka, wallahi na sani, kuma ba ni da abin da zan ba ka a madadinta. Amma ubana ne.

Ka huta lafiya, Baba.
'Yarka Auta

*

'Yata Auta,

Na amsa gaisuwarki, Allah Ya yi miki albarka.

Na tuna ranar. Na ga ya sauko da tsumma naɗe a hannu, na ɗauka na aiki ne. Tsanin yana cikin hannuna, 'yata, ban ji ya motsa ba. Ko kaɗan ban ji ba.

Tun da na karanta wasiƙarki nake gwada hannuwan nan. Na riƙe ƙafar tebur iya ƙarfina, na tura shi da gwiwa, sai ya tafi, hannun ya bi shi. Kofin shayi ma da hannu biyu nake ɗauka. Ban san me ya sa na zaci tsani daban ne ba.

Ba ki yi laifi ba. Kada ki gaya masa kin rubuto mini. Ki hana shi zuwa shagon har wasiƙata ta same shi.

Ki gaishe da ummanki.
Babanki Babba

*

Zuwa ga ƙanena Ƙadangare,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, kada ka je shagon nan sai ka ji abin da zan faɗa. Na yi garaje a wasiƙata ta baya. Ashe akwai ƙarin bayani a bayan takardar, ban juya ta ba sai jiya.

Sandar za ka saya. Amma iri biyu ce, ka buɗe ido. Wadda ruwa yake bi ta cikinta ta waje ce, kada mai shago ya liƙa maka ita. Ta cikin gini a kanta ake manna wani tsumma mai kauri mai laushi, ka ɗan fesa masa ruwa tun yana ƙasa, sannan ka ɗaga. Ba ya ɗiga. Ruwan ya zama tatacce, kuma ban da sabulu, shi ne mai barin layi. Tsummokin ka saya da yawa, da ɗaya ya yi datti ka cire, kada ka yi rowar da ka saba. Kan sandar ya zama mai lanƙwasawa, mai kusurwa, don ya shiga lungu, ka haɗa da buroshin share saƙar gizo.

Kada ka saya a naɗe. Ka zuge ta har ƙarshe a cikin shagon, ka ɗaga ta sama, ka riƙe har mai shagon ya fara ɓata rai. In ta lanƙwashe a tsakiya ko kafaɗarka ta ɗau zafi, ka ce su ba ka wadda ta fi ta rashin nauyi. Ka auna tsawonta da tagar saman ƙofar shiga, ita ce mafi nisa. Wajen aiki kuma kada ka tsaya dab da bango, ka ja baya, saboda wuya. In ka ji kanka yana juyawa ka sauke ta ka zauna. Kujera tana nan kusa da teburin jaridu.

Ni dama ina neman hutu. Tsayuwar nan ta ishe ni, kuma shekara da shekaru ƙasan takalminka nake kallo, ba wani abin sha'awa ba ne. Tsohon tsanin ka ce su fitar da shi daga ginin gaba ɗaya, kada wata rana sandar ta ba ka haushi ka tuna da shi.

Ka gaishe mini da shugabar, ka yi mata godiyar shayin da take ba ni.
Ni ne yayanka

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Na saya yadda ka ce, har mai shagon ya tambaye ni ko da ma sana'ar sayar da sanda nake yi. Tana aiki. Lungu dai bai fita kamar da yatsa ba, amma ba wanda ya lura. Kafin rana ta take na gama.

A shagon na karɓi irin takardar nan na juya ta, Yaya. Ba komai a bayanta sai hoton bokiti. Auta kuma tun ranar ta kasa haɗa ido da ni. Ba zan ce komai ba.

Da na zo ƙasan tagar ƙofa sai na ji bakina ya ce, “Yaya, riƙe.” Wata mai karatu ta ɗago ta dube ni.

Shugabar ta ga na gama da wuri, ta haɗa ni da wani ginin nasu a can ƙarshen gari, daga nan can nake wucewa duk Laraba. Ba ta hanyarka ba ne. Zan biyo in na sami sarari.

Ƙanenka, Ƙadangare

*

Zuwa ga mai goge tagogi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, na ji labarin kana da sabuwar sanda mai kai wa sama.

Ina da taga guda a saman ɗakina, bisa kabad. Ƙarama ce, na san ba aikin da za a taso dominsa ba ne, amma hasken da take sakowa ya ragu, ni kuma ba na iya kai mata. An ce sandar tana da sauri. Ina sanar da kai tun yanzu, tagar ta daɗe ba a taɓa ta ba, ba za ta fita a goga ɗaya ba. Ka zo da tsummoki da yawa.

Ba sai Laraba ba. Ko wace rana ka zo ina nan.

Ka huta lafiya.
Yayanka