Dajin da Ke da Ƙofa

Yaya Maazou,

Assalamu alaikum. Yaya Inna da ƙafarta? Mu a Lyon lafiya lau, kada ta damu. Ɗakin ne kawai ya ishe ni, na kasa zama.

Ranar hutuna na ɗauki ɗana Munzali mu ga gandun dajin bakin teku. Da muka isa, mai gadi ya ce jama'a sun yi yawa, sai wanda ya kama lokacinsa ta waya tun tuni. Muka juyo, yaron yana tambayata ko dajin Damagaram ma ƙofa gare shi.

Don Allah, in ka fita gona, ka kira mu da bidiyo. Kada ka ce komai, ka juya wayar kawai ya gani.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Shamsiya