'Yar Fari Daga Lagdo

Zuwa ga Inna,

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci da gaisuwar ɗa ga mahaifiya, ina fatan Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Na san da kina raye cewa za ki yi in ajiye takarda in faɗa da baki. To, kin san bakin nan nawa, ya fara da magana sai ya ƙare da faɗa. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Inna, mun ɗauki riƙo. Yarinya ce, 'yar wan surukarki Asabe, shi mai bandar kifi ne a Lagdo, can inda ake gina madatsar ruwa. Uwarta ta rasu da damina. Uban ba shi da mace a gida, sai ya kawo mana ita nan unguwar Jambutu a Garwa, a kamiyon kifi, wato babbar motar ɗaukar kaya, ƙullin kayanta duk warin hayaƙi. Ba za ta wuce shekara biyar ba. Kin san yadda muka jima muna jiran haihuwa, tun kina nan kina jiƙa wa Asabe saiwoyi.

Malam ya ce riƙo lada ne, amma sunan ubanta nata ne, ba a canzawa. Ban yi masa gardama ba. Ki shaida, Inna, yau ɗanki ya bar malami ya gama magana.

Da farko sunanta muke kira, safe da yamma. Sai ƙanwarki Goggo Hajjo ta zo ganin baƙuwa, ta ji Asabe ta ƙwala wa yarinyar kira da sunanta daga madafa. Ta yi murmushi ta ce, "Ai daɗin 'yar riƙo ke nan, ba ruwanki da kunyarta. Ba ke kika haifa ba." Ba da mugunta ta faɗa ba. Ni dai na fice, don kada in faɗi abin da za a tara mini dangi a kai.

Daga ranar Asabe ta daina kiran sunan. Sai "ke wannan", sai "wance". In akwai baƙi ko kallonta ba ta yi. Kunyar 'yar fari take yi mata, sak irin wadda kika yi mini.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba. Ni da na koyi harufa a jaridun da muke naɗe tsire da su, na bi 'yan kasuwar Yola ina aron littattafai, na sha cewa a rumfar mahauta wannan al'ada ba ta cikin Alƙur'ani ba ta cikin boko. Marainiya ce fa! An rabo ta da garinsu, kuma a hana ta jin sunanta?

Kuma kin san inda abin yake mini ciwo. Har kika koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinki ba. Ƙannena ki kira su, ki goya su a gaban kowa, ni kuwa "kai wannan". Ranar da wuƙa ta yanke ni a mahauta aka kawo ni jina-jina, mata sun cika gida, kika juya baya kika ci gaba da tankaɗe. Abin da kika ce kawai, "A ba shi ruwa." Sai daga baya Goggo ta gaya mini garin nan zubar da shi aka yi, don rariyar ta kuɓuce miki ta kife a ƙasa.

Ran kasuwa na tafi da yarinyar rumfa, ta zauna kan benci tana cin ƙuli-ƙuli. Baba Sanda, tsohon nan da ya koya mini fawa, ya dube ta ya gaishe ta da Fillanci, ya ce, "Jam na, 'yan mata? Kai sarkin surutu, yaya sunan 'yar taka?" Na buɗe baki, Inna. Wallahi sunan yana kan harshena, ya ƙi fita. Na sunkuya ina goge teburin da ba shi da datti. Baba Sanda ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ku zo ku gani, yau an ɗaure bakin rediyo."

A hanyar komawa gida ta ja mini riga, ta ce, "Baffa, kun manta sunana ne?" Tun da ta zo ba ta tambaye mu komai ba sai wannan. Ashe tana lura. Ashe a ranta ta ɗauka mun gaji da ita, za a mayar da ita kamiyon kifi.

Na tsuguna a bakin hanya, masu keke suna kauce mana. Na ce mata ba mu manta ba. Na ce a gidanmu ɗan da ya fara zuwa ba a kiran sunansa, don ya fi ƙarfin a kira shi kamar kowa. Na ce ni ma haka uwata ta yi mini. Ta kalle ni, sannan ta miƙo mini guntun ƙuli-ƙulinta.

Jiya da la'asar ina alwala na jiyo ta a ƙofar gida da yaran maƙwabta. Wani ya tsokane ta, wai 'yar Lagdo, ko sunanta ba a sani ba a gidan. Ta riƙe ƙugu ta ce, "Ni ba a kiran sunana. Ni ce 'yar fari!" Asabe tana tsakar gida tana tsince shinkafa, ba ta ɗaga kai ba, amma na ga ta ja mayafi ta rufe fuska.

Na so in rubuta miki sunan jikarki a nan, Inna, don ki san ta. Na ɗora alƙalami, hannuna ya ƙi. Ke dai kin fi kowa sanin dalili.

Allah ya haskaka kabarinki, ya yafe miki, ya haɗa ki da uwar yarinyar nan a Aljanna. Ya ba mu ikon riƙe amanarta, ya raya mana ita cikin imani. Amin.

Naki har kullum,
Babban ɗanki, daga Garwa